Cokali Mai Jan Farce

Na gama! Jama'a, na gama! Yau na rubuta takardata ta ƙarshe, na miƙa, na fito na kurma ihun da har malamin da ke tsaron jarabawa ya leƙo ta taga ya ce, "Ke, akwai waɗanda ba su gama ba fa." Na ce, "Sori sa," na matsa gaba kaɗan na sake kurma wani. Farar rigata ba sauran wurin rubutu, duk an zane ta da alƙalamin maka, ja da baƙi, har a hammata an sa mini hannu. A cikin keke na fara danna wannan, yanzu ina zaune a bakin ƙofar ɗakinmu a Lokuwa, shinkafa na kan wuta.

Tun da na ɗora hotuna a sitatus tambaya ɗaya ke ta shigo mini: "Beb, cokalin mene ne wannan a wuyanki?" Wata ma cewa ta yi in tura mata lambar mai sayarwa, wai sabon yayi ne. To ba a sayarwa. Bari in ba da labarin sau ɗaya kowa ya ji, abeg kar a sake bina ta inbos.

Ina da farfaɗiya. Ga shi nan na rubuta, wayar kuma ba ta fashe ba.

Tun ina sakandare take tare da ni. Likita ya ɗora ni kan wata 'yar ƙwaya safe da yamma, in dai ina sha, ina samun barci, to lafiya lau nake kamar kowa. Gidanmu can ƙarshen Kolere ne wajen gonaki, in damina ta sauka hanyar sai ta koma kunu, shi ya sa da na samu makaranta Mama ta yarda in kama haya a Lokuwa. Ranar da zan tafi ta zuba ƙwayoyin a cikin wani tsohon gwangwanin man shafawa, ta cusa a ƙasan jakata. Ta ce, "Kar ki faɗa wa kowa. In suka sani, ba mai cin abinci da ke." Na ce to. Shekara guda da wani abu a banɗaki nake shan maganina, kamar mai shan abin laifi.

Mu uku ne a ɗakin. Akwai Anti, ta girme mu sosai, ta yi koyarwa a firamare kafin ta dawo karatu, ita ce shugabar addu'a a zumuntar ɗalibai ta cocinmu. Kar wanda ya zage ta a ƙarƙashin wannan rubutun, zan goge. Lokacin da maleriya ta kwantar da ni ita ta wanke mini amai da hannunta. Sai kuma 'yar Sorau, Bafulatana, Musulma, siririya kamar tsinke amma bakinta ya fi reza. Tana kirana 'yar dutse, saboda asalinmu mutanen duwatsun Michika ne. Ni kuma ina kiranta 'yar nagge, wato 'yar saniya da yarensu.

Dokar ɗakinmu ɗaya ce: tire ɗaya, cokali uku. Duk wadda ta je gida ta dawo da abin da ta samu, ni wake da gyaɗa, 'yar Sorau man shanu da kindirmo, Anti shinkafa. Ranar Lahadi muna sujada 'yar Sorau ke girki, ranar Juma'a mu ke yi. Ko kun yi faɗa da safe har da zagin kakanni, in aka ajiye tire dole ki zauna. Duk ɗalibin da ya taɓa zaman haya a Lokuwa ya san wannan. In kika ga wata ta ɗebi nata a faranti ta koma gefe, to ba sai an faɗa miki ba, zaman ya ƙare, ɗaki take nema.

A aji biyu abin ya faru, lokacin jarabawa. Barci ya yi ƙaranci, magani ya ƙare, na ce bari in gama wannan takardar tukuna in je asibiti. Da rana tsaka ina wanke shinkafa a tsakar gida, sai na ji wannan warin da nake ji in za ta zo, kamar ana ƙona roba. Ban ƙara sanin komai ba.

Da na farfaɗo, ƙafafu na fara gani. Ƙafafun 'yan gidan hayarmu, duk sun ja baya sun yi da'ira kamar ana wasan maciji. Goshina sharkaf da man zaitun. Anti na durƙushe a kaina tana addu'a da ƙarfi, muryarta ta dishe. Bakina kuma cike da jini da ƙarfe. Cokali ta tura mini tsakanin haƙora, wai kar in haɗiye harshena. Ku duba hoton da kyau, za ku ga haƙorina na gaba ya ɗan ɓalle. Aikin cokalin nan ne. Tunda muna kan maganar: ba a sa wa mai farfaɗiya komai a baki. A juya shi kan gefensa, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a bar shi. Ba mai haɗiye harshe. Anti ba ta sani ba, da ƙauna ta yi.

Wurin da na faɗi, matar mai gida ta zuba toka da kananzir ta wanke. Yara suka riƙa tsallake wurin. A bakin rijiya in na ajiye bokitina sai in ga na kusa da shi ya matsa a hankali. Kowa ya yarda cewa in miyauna ya taɓa mutum, shi ke nan ya ɗauka.

Duk wannan na iya shanyewa. Abin da ya karya ni shi ne Lahadin da ta biyo. Mun dawo daga coci, 'yar Sorau ta yi shinkafa da wake da man shanu, ƙamshi har waje. Aka ajiye tire. Cokali biyu ne a kai. A gefe ga wani faranti na roba an zuba mini nawa, an ma cika mini fiye da yadda nake ci. A kan farantin ga cokalin da aka sa mini a baki, an shafa wa mariƙinsa jan farce, ja wur, don kar ya ɓace cikin sauran.

Anti ta ce, "Ƙanwata, don ki sake ne. Ki ci a hankali, bakinki na ciwo."

Na dubi 'yar Sorau. Yarinyar da ba ta taɓa rasa abin cewa ba, ranar sai ƙirga wake take da ido. Na ɗauki farantina na koma bakin katifa. Jan farcen ma nawa ne fa, wanda na saya don Kirsimeti.

Bayan kwana biyu Anti ta zaunar da ni. Ta ce ta yi azumi a kaina, an kuma nuna mata. Wannan ba ciwon asibiti ba ne, abin gado ne. Wai mu 'yan dutse kakanninmu sun yi tsafi, akwai bagadinsu na yanka da ba a rushe ba, wani a gidanmu ya yi zunubi ni nake biya. Ta ce akwai wani bawan Allah mai gidan addu'a a bayan gari, ranar Asabar za ta kai ni a yi mini dilibarans, wato addu'ar fitar da aljanu. Amma da sharaɗi. In zo da maganin da na sake karɓowa a asibiti gaba ɗaya in zuba a wuta a gabansa, don wanda ke riƙe da ƙwaya a aljihu bai ba da gaskiya ba tukuna.

"In aka gama fa, Anti?"

"In aka gama kin tsarkaka. Ki dawo tire, ni da kaina zan kankare jan farcen."

Kun ga inda aka tsayar da ni. Ko tire ko magani.

Na kira Mama, na ɗauka za ta ce kar in kuskura. Ina gama faɗa mata sai na ji kuka. Ta ce, "Gaskiya ta faɗa. Ni ce." Wai lokacin da take da cikina sun hau dutse gaishe da kakana, wanda har ya mutu bai shiga coci ba. Ya yanka akuya don al'adarsu ta farkon girbi. Ita ga kwaɗayin ciki, ta karɓi nama ta ci a ɓoye, alhali tana 'yar zumuntar mata. Tun ranar da na fara faɗuwa take ɗauke da akuyar nan a ƙirjinta, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko fasto. Ta ce, "Ki bi Antinki. Ki roƙa mini gafara a can."

Wallahi na kusa. Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba. Na san abin da zai faru in na daina shan ƙwayar, na ga yadda 'yan kwanaki kaɗan suka yi da ni. Amma ku gwada cin abinci a gefe kuna jin ƙarar cokali biyu a tire. Na shiga Baibul na waya ina buga "la'ana" a wurin nema, ayoyi suna ta zubowa, ina ta gungurawa, kowace na gani sai in ce to ga ni nan. Babban yatsana dama ba ya tsayawa. 'Yan ajinmu suna cewa kafin lakcara ya rufe baki na tura abin da ya faɗa a grup. Haka nake karanta komai, har da maganar Allah: shap-shap, in kamo abin da nake nema in wuce.

Ranar Juma'a da la'asar na zauna shirya darasin makarantar Lahadi, don ni ke koyar da ajin ƙananan yara. Darasin makon labarin mutumin nan ne da aka haifa makaho. Na sha koyar da shi. Yara na son sa saboda wurin da Yesu ya tofa miyau a ƙasa ya kwaɓa laka, in na ce "tuf!" sai duk ajin su ce "tuf!" su fashe da dariya. Kullum can nake tsallakawa kai tsaye, yatsana ya san hanya. Amma ranar ina shan gari da jan cokalina a hannun dama, wayar na hannun hagu, yatsan hagu kuwa malalaci ne. Sai surar ta buɗe daga sama ta tsaya, ni kuma na karanta abin da ke gabana.

Almajiran Yesu ne suka ga makahon, suka tambaye shi wai zunubin wa ya jawo masa, nasa ko na iyayensa.

Na ajiye cokalin. Na ce kai! Ai wannan tambayar Anti ce. Tambayar Mama ce. Tambayar da ni kaina nake buga wa waya tun farkon mako. Kuma ba wasu 'yan iska ne suka yi ta ba, manyan 'yan addu'a ne, masu bin Yesu ƙafa da ƙafa. Mutum na zaune a gabansu bai taɓa ganin fuskar uwarsa ba, su kuma sun mai da shi tambayar jarabawa mai zaɓi biyu, A ko B.

Yesu ya ce musu ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Don a ga aikin Allah a kansa ne.

Na karanta, na sake karantawa, na canza zuwa Turanci ko fassarar Hausa ce ta yi mini sassauci. Abu ɗaya ne. Daga nan na bi surar a hankali har ƙasa, karon farko a rayuwata. Ashe labarin ba a wurin laka ya ƙare ba. Maƙwabta suka yi ta gardama a kansa yana tsaye. Iyayensa suka tsorata suka ce a tambaye shi, ai ya girma. Manyan addini suka ce masa cikin zunubi aka haife shi, suka kore shi waje. Da Yesu ya ji an kore shi, sai ya tafi ya neme shi. Shi ya bi shi.

Na dubi farantin roba na dubi wayar. Ban ji wata murya daga sama ba, ban ga haske ba, gari ma ya kumbura ya shanye ruwan. Kawai dai kaina ya washe, kamar in an goge sikirin da ya yi maiƙo. Abin da na gane shi ne: ina da ciwo, ba ni da shari'a. Ciwo kuwa ana yi masa addu'a ana ba shi magani. Shi kansa makahon ai an shafa masa abu, an ce ya je ya wanke, ya tafi da ƙafarsa ya wanke, ba wanda ya ce bai ba da gaskiya ba. Sai haushi ya taso mini, irin mai daɗin nan da ke sa mutum ya miƙe tsaye.

Asabar da safe Anti ta ɗaura ɗankwali ta ɗauki man zaitun. Na ce, "Anti, ba za ni ba. Kolere za ni."

"Shaiɗan ne ke hana ki."

"To ki yi masa addu'a, ni dai na tafi."

An kwana ana ruwa. Mai keke ya kai ni bakin mayo, rafin da ke hanyar gidanmu, ya ce nan ya tsaya, ko gwamna ne ba zai shiga da shi ba. Na cire takalmi na riƙe, na ɗaga waya sama, na ratsa. Na samu Mama a ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gyaɗa. Tana ganina ta miƙe.

"An yi?"

"Ba a yi ba. Zauna, Mama, karatu zan yi miki."

Mama ba ta iya karatu ba, Hausarta ma ta kasuwa da coci ce. Na karanta mata da Hausa, na juya mata da yarenmu. Da na kai wurin amsar sai ta kama hannuna.

"Sake."

Na sake.

"Ba iyayensa ba?"

"Ba iyayensa ba, Mama."

"Waye ya faɗa? Fasto ne ya ƙara, ko ke?"

"Yesu ne da bakinsa. Ga shi nan, har an rubuta da jan rubutu."

Ta karɓi wayar ta ƙura wa jan rubutun ido, ita da ba ta san harafi ko ɗaya ba. Ta daɗe. Hawaye na sauka kan gyaɗa. Can sai ta ja hanci ta ce, "Naman ma tauri ne da shi. Tsohon bunsuru ne. Ko daɗinsa ban ji ba."

Muka fashe da dariya, muna kuka muna dariya, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce lafiya? Mama ta ce, "Lafiya, akuya ce ta mutu." Ta dafa mana gwate muka ci a kwano ɗaya, kamar yadda muka saba tun ina yarinya. Da zan tafi na juye ƙwayoyin daga gwangwanin man shafawa na mayar cikin kwalinsu na asibiti. Tana kallona har na gama.

Lahadi na koyar da darasina tun daga aya ta farko. Yara dai "tuf!" ɗinsu suke jira, na ba su. Muka dawo gida. Tire a tsakiya, cokali biyu, farantin roba a gefe. Na ɗauki farantin na juye shi a kan tiren. Na zauna a wurina na da, na naɗe ƙafa. Na fito da kwalin magani na ajiye a fili, na ɓalli ɗaya, na ce, "Na gode, Yesu," na kora da ruwa a gabansu. Sannan na luma jan cokalina cikin shinkafa.

Anti ta ce, "Ke! Me kike yi haka?"

"Abinci nake ci, Anti. Waken ma nawa ne."

"Kin ƙi ceto, yanzu kuma za ki shafa mana?"

"Ba a ɗauka ta miyau. Likita ya faɗa. Mama ta ci da ni kwano ɗaya tun ina sakandare, ga ta can tana noma. Ke ma kin fi shekara kina ci da ni, kin faɗi?"

"Lokacin ban sani ba."

"Ciwon ya sani ai."

'Yar Sorau ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Na buɗe waya na karanta wa Anti wurin. Ba ta bar ni na ƙarasa ba. Anti ta san Littafi, ba a yi mata burga da aya. Ta ce, "To yaron nan fa da ubansa ya kawo, wanda ke faɗawa cikin wuta da ruwa yana kumfa? Ba aljani Yesu ya fitar daga cikinsa ba? Ƙwaya ya ba shi?"

Gaskiya ta kama ni a nan. Na san labarin, ya sha hana ni sukuni. Na ce, "Haka ne, Anti. Ni ban san komai ba. Abin da ke jikin yaron nan Yesu ya gani da idonsa, ni kuma hoton kaina likita ya ɗauka ya nuna mini. Amma ki karanta gaba kaɗan. Yaron na kwance kamar gawa, da kumfarsa da komai, Yesu ya kama hannunsa ya tashe shi. Bai nemi toka da kananzir ba. Ki nuna mini inda ya ware masa cokali, yanzu in koma bakin katifa."

"Kin zama mai taurin kai."

"Na zama. Ki yi mini addu'a kullum, ina so, zan ce amin da ƙarfi. In Allah ya ɗauke ciwon nan gobe, ni zan fara rawa daga nan har kasuwa. Amma maganina ba zai shiga wuta ba, uwata ba ta yi mini komai ba, kuma a tiren nan zan ci."

Na sake ɗebo shinkafa. Anti ta ajiye nata cokalin a hankali.

Sai 'yar Sorau ta ce, "'Yar dutse, ba ni nan."

"Me?"

"Cokalin mana. Kin cika surutu, abinci na hucewa."

Ta fizge shi daga hannuna. Ta dube shi kamar mai shirin shan maganin ɗaci, ta ce bismillah, ta rufe ido, ta ɗebo ta kai baki. Ta tauna. Ta haɗiye. Ta buɗe ido ɗaya.

"In na faɗi, don Allah kar wanda ya sa mini ƙarfe a baki. Haƙorana ne jarina, da su zan yi aure."

Na ce, "Wa zai auri 'yar nagge?"

"Wanda ya ƙi mai ɓallallen haƙori."

Daga baya ta ce mini tun ranar farko abin ke cinta, tsoro ne kawai, don a garinsu ma haka ake cewa. Na ce useko, na gode da yarensu. Ta ce in bar lalata musu yare.

Anti ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta ɗauki farantin robar nan, ta ɗebi abinci daga tukunya, ta koma bakin katifarta. Duk muka san ma'anar wannan. Na jira in ji ta fara neman ɗaki.

Ba ta nema ba. Wannan ne abin da har yau ban gama ganewa ba. Ta zauna da mu har ƙarshe, tana kawo shinkafarta, tana girkin Juma'a, tana ci a gefe. Kullum da safe tana ɗora mini hannu ta yi addu'a, ina cewa amin, in ta gama in sha ƙwayata a gabanta. Ba ta fasa ba, ban fasa ba.

Ciwon bai tafi ba, kar ku jira wannan shaidar. A aji uku na sake faɗuwa, a bakin rijiya. 'Yar Sorau ce ta ba ni labari: wai Anti ta fito da gudu ta juya ni kan gefena, ta kwance ɗankwalinta ta sa mini a ƙarƙashin kai. Matar mai gida ta taho da cokali, Anti ta daka mata tsawar da har kaji suka watse: "Kar ki kuskura!" Ta zauna a ƙasa ta riƙe hannuna har na farfaɗo. Da yamma aka ajiye tire, ta ɗauki farantinta na roba.

Na daina jin haushinta tuntuni. Amma ban taɓa yarda cewa gefe ne wurin kowa ba, shi ya sa duk lokacin da aka ajiye tire nake ɗora cokali uku. Nata na nan yana jiranta, in an gama a wanke shi a mayar. 'Yar Sorau na cewa ina ƙara mata wanke-wanke a banza. Ta yi ta faɗa.

Jan cokalin kuwa ban bari an kankare shi ba. In ya fara gogewa ni ke sake shafa masa. Jiya na kai wa mai walda ya huda mariƙin, na zura igiya, yau na rataya na shiga da shi ɗakin jarabawa. An ce a gwangwanin man shafawa zan ƙare rayuwata, an ce wuta ce gwajin bangaskiyata. Ga ni nan, da ƙwayata a jaka, da Yesuna, da digiri a hanya. Wanda ke ganin la'ana ce ya je ya karanta daga sama, kar ya tsallaka kamar yadda na riƙa yi.

'Yar Sorau na kirana, wai in ban ajiye wayar nan ba za ta jefa ta a rijiya. An sauke shinkafa. Anti ta dawo ita ma da tata farar rigar, tana wanke hannu, farantin roba na kusa da ita. Bari in ciro cokalina daga wuya in ɗauraye, in ɗora na ukun a tire.